Sharhi: Farin Sukari, Jan Sukari Da Mazarƙwaila, Wanne Ya Fi?

Masu sauraronmu na Batagarawa da Ajiwa da cikin birnin Katsina, da duk inda wannan murya ke kaiwa, sharhinmu na yau ya shafi wani abu da ba ya yankewa a gidan kowa, talaka da mai hali, wato sukari.

A 'yan shekarun nan wata magana ta yaɗu tsakanin jama'a. Ana jin ta a teburin mai shayi, ana jin ta a gidan biki, ana tura ta a WhatsApp da Facebook. Maganar ita ce wai farin sukari guba ne, amma jan sukari, wato mai launin ƙasa-ƙasan nan, shi lafiya lau ne, har wasu na cewa magani ne. Ta kai ga za ka tarar da dattijon da likita ya tabbatar masa yana da ciwon suga ya rabu da farin sukari kwata-kwata, sannan ya koma yana jefa gutsuren mazarƙwaila cikin kokonsa kowace safiya, hankalinsa kwance, yana cewa ai wannan na gargajiya ne, ba ya komai. Za ka tarar da uwargida ta biya kuɗi mai yawa a babban kanti ta sayo jan sukarin kwali, tana zuba wa yara cokali uku-uku, tana ganin ta yi musu gata.

Jama'a, tun daga farko bari mu faɗi inda muka dosa. Ta fuskar lafiyar jiki, bambancin da ke tsakanin farin sukari da ja bai taka kara ya karya ba, duk kanwar ja ce. Abin da ke cutar da mu shi ne yawan da muke sha, ko wane launi ne. Ta fuskar inganci da ɗanɗano da amfani ga tattalin arzikinmu kuwa, akwai bambanci na gaske, kuma ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau.

Mu fara da asali. Farin da jan da muke sha a nan duk daga rake suke fitowa. A masana'anta ana matse raken a fitar da ruwansa, a tace, a dafa har ya yi kauri ya fara fitar da ƙwayoyi. Daga nan sai a zuba shi cikin wata na'ura mai juyawa da tsananin gudu, ta ware ƙwayoyin daban, ta ware wani baƙin ruwa mai kauri da danƙo daban. Wannan baƙin ruwa shi ne maɗin rake, kuma shi ne ke ba sukari launin ja. Ƙwayoyin da suka fito a wannan mataki ɗanyen sukari ke nan, da sauran maɗi a jikinsu. Matatar sukari ita ke sake narkar da su, ta tace, ta sake dafawa har su fito fes. Masu cewa fenti ake zubawa ko wani abin wanki don sukari ya yi fari, su sani cewa ƙwayar sukari idan aka raba ta da maɗi da datti, haka Allah Ya yi ta, fara. Tacewa ce ke fito da farin.

Abin da ake kira jan sukari a kasuwa kuma iri uku ne, kuma rashin rarrabe su shi ne ke jawo ruɗani. Na farko, wanda ya fi yawa a manyan kantuna, farin sukari ne da aka gama tacewa tsaf, sannan aka dawo aka zuba masa maɗi kaɗan aka gauraya. Mai hasken launi yana ɗauke da maɗi kamar kashi 3.5 cikin 100, mai duhun kuma kamar kashi 6.5. Sauran duk farin sukarin nan ne da ake gudu. Na biyu shi ne wanda ba a ƙarasa tacewa ba, kamar wanda ake kira Demerara, mai manyan ƙwayoyi, wanda ya samo sunansa daga wani yanki na ƙasar Guyana a Kudancin Amurka. Na uku shi ne namu na gida, mazarƙwaila, wadda ba a cire mata maɗi ko kaɗan. Ruwan rake ne aka dafa har ya ƙafe, aka zuba a ƙananan kwanoni ya daskare.

To mene ne a cikinsu? Farin sukari gram 100 yana ba jiki kalori 387. Jan sukari gram 100 yana ba da kalori 380. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar kamar gram 4, wato kalori 16 a fari, 15 a ja. Wanda ya bar fari ya koma ja don ya rage teɓa, abin da ya rage a kowane cokali kalori ɗaya ne tak.

Masu yabon jan sukari suna cewa ai yana da sinadarai masu gina jiki, kuma ba ƙarya suka yi ba. Maɗin da ke jikinsa yana da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da fotasiyam. Amma nawa ne? A gram 100 na jan sukari akwai kalsiyam kamar miligram 83. Baligi yana buƙatar kamar miligram 1,000 a rana. Ke nan sai ya cinye fiye da kilo guda na jan sukari kafin ya samu abin da jikinsa ke nema a yini ɗaya. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da kalsiyam kusan miligram 300, wanda sai ka sha jan sukari wajen cokali 90 kafin ka kamo shi. Sinadarin ƙara jini kuwa bai kai miligram 1 ba a gram 100, alhali macen da ke cikin shekarun haihuwa tana buƙatar wajen miligram 18 a rana. Sai ta ci fiye da kilo biyu. Duk wanda ke neman jini da ƙarfin ƙashi, ga wake nan, ga hanta, ga zogale da kuka da alayyahu, ga riɗi, ga nono. Su ne gidan waɗannan sinadarai, kuma mafi yawansu a gonakinmu da fadamunmu ake samun su.

Ina ganin inda kuskuren ya samo asali shi ne mutane suna auna sukari da ma'aunin hatsi. Kowa ya san geron da aka bar shi da dusarsa ya fi wanda aka surfe tas amfani a jiki, saboda dusar tana da sinadarai, tana kuma rage saurin narkewar abinci a ciki. Sai ake zaton jan sukari shi ne mai dusa, fari kuma surfaffe. Amma a rake, abin da ke matsayin dusa tun a wurin matsa aka bar shi. Ita ce tuƙar nan da ake zubarwa ko a hura wuta da ita. Daga lokacin da ruwan ya rabu da tuƙa, abin da ya rage zaƙi ne da ruwa, kuma dahuwa tana kore ruwan.

Idan sukari ya shiga ciki, hanji yana raba shi gida biyu. Rabi yana wucewa cikin jini kai tsaye, rabi kuma hanta ce ke sarrafa shi, idan ya yi mata yawa ta mai da shi kitse. Da zarar sukari ya hau a jini, wata 'yar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi sai ta saki sinadarin insulin don ya tura shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Mai ciwon suga, ko dai insulin ɗinsa ya yi ƙaranci, ko kuma jikinsa ya daina jin kiransa, sai sukarin ya tsaya a jini yana lalata jijiyoyi a hankali. Hanji da hanta ba su ganin launi. Cokalin fari da cokalin ja da gutsuren mazarƙwaila duk hanya ɗaya suke bi, kuma kusan da sauri ɗaya suke hawa jini. Haka nan ƙwayoyin cutar da ke baki, waɗanda ke cin ragowar zaƙi su fitar da tsamin da ke huda haƙori, ba su bambanta su.

Saboda haka ina kira da babbar murya ga iyayenmu da 'yan'uwanmu masu ciwon suga. Baba, Inna, mazarƙwaila sukari ce. Mafi yawan nauyinta, kamar kashi 65 zuwa 85 cikin 100, irin sinadarin da ke cikin farin sukari ne sak, sauran kuma galibi wasu nau'o'in sukarin ne da ɗan ruwa. Gaskiya ne ta fi jan sukarin kanti sinadarai, tunda duk maɗinta na jikinta, amma hakan bai sa ta zama magani ba. Wanda ya bar farin sukari ya rungumi mazarƙwaila ba ƙaƙƙautawa ya gudu ne bai tsira ba. Zuma ma da take da daraja a addininmu da al'adarmu, tana ɗaga sukarin jini, kuma mai wannan ciwo ba zai sha ta yadda ya ga dama ba sai da shawarar likitansa.

Wani zai ce ai kakanninmu sun sha rake sun ci mazarƙwaila, ba su yi wannan ciwo ba. A nan akwai abin dubawa. Kafin a samu kilo ɗaya na mazarƙwaila, sai an matse rake wajen kilo 10. Mai shan rake yana ɓarewa, yana taunawa, yana tofar da tuƙa, kafin ya gama sanda ɗaya muƙamuƙinsa ya gaji. Amma gutsuren mazarƙwaila mai nauyin gram 100, wanda yaro zai lanƙwame kafin ya isa makaranta, zaƙin rake kilo guda ne aka tara a ciki. Sannan a da zaƙi abin marmari ne. Nakiya da alkaki da dubulan sai an yi biki ko za a kai gara. Alewa da kantun riɗi sai ranar kasuwa. Bayan haka mutanen da suna wuni a gona, suna tafiya a ƙasa daga ƙauye zuwa birni, mata suna daka da surfe da ɗebo ruwa. Yau zaƙi ya zama abincin safe da rana da dare, mu kuma daga kan babur sai kan kujera.

Mu yi lissafin yini ɗaya na magidanci a nan Batagarawa. Da safe koko da ƙosai, cokali uku. Da hantsi ya tsaya wurin mai shayi, cokali huɗu, wani lokaci har da madarar gwangwani mai zaƙi. Da rana fura da nono, cokali uku. Da la'asar zafi ya dame shi ya sayi lemon kwalba na rabin lita, wanda wasunsu ke ɗauke da sukari wajen gram 50, wato cokali 12. An kai cokali 22 ke nan, ba a zo maganar zoɓo da kunun zaƙi ba, ba a zo shayin majalisa na dare da ake dafawa har ya yi danƙo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2015. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, wato kamar gram 50 ko cokali 12 ga baligi. Ta ƙara da cewa idan aka rage shi zuwa kashi 5, wato gram 25 ko cokali 6, ya fi alheri. A cikin wannan lissafi hukumar ba ta ware ja daga fari ba. Har zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk ta sa su a ciki. Abin da ba ta sa ba shi ne zaƙin da ke cikin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum, kamar gwaba da lemo da mangwaro, da wanda ke cikin madara tun asali.

Kuma maganar ba ta wasa ba ce. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, kuma kimanin miliyan 3.6 a Najeriya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Sai ido ya fara dishi-dishi, ko ƙoda ta gaza, ko wani ɗan ƙurji a ƙafa ya ƙi warkewa, sannan a garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. A yi adalci, ba shan sukari kaɗai ke kawo wannan ciwo ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai ƙiba da rashin motsa jiki, kuma irin da ke kama ƙananan yara ba ruwansa da shan zaƙi. Amma yawan zaƙi, musamman na abin sha, yana cikin abubuwan da ke hannunmu, waɗanda za mu iya ragewa tun yau. Ita ma gwamnati ta ga haka, shi ya sa a Dokar Kuɗi ta 2021 aka sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi.

Yanzu mu juya ga inganci, domin a nan ne za mu faɗi wani abu game da farin sukari da mutane da yawa ba su sani ba. Tun shekarar 2002 doka ta wajabta a ƙasar nan cewa a riƙa sa bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki. An yi haka ne saboda ƙarancin wannan sinadari yana kawo dundumi, yana iya makantar da yaro, yana kuma raunana garkuwar jikinsa a gaban ƙyanda da gudawa. Wannan ne dalilin hoton ido da harafin A da kuke gani a jikin buhu ko leda. Ke nan farin sukarin da ya fito daga matata mai rajista yana ɗauke da wani amfani da mazarƙwaila ba ta da shi. Ba muna cewa a sha sukari don neman bitamin A ba, domin karas da manja da hanta da ganyaye sun fi shi nesa ba kusa ba. Muna cewa ne in dai za ka saya, ka sayi mai wannan alama da lambar hukumar NAFDAC.

A watan Nuwamba na 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta yi gargaɗi game da wani sukari marar rajista da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wanda ba shi da bitamin A, ba shi da ranar sarrafawa ko ta lalacewa. Mu da muke kusa da iyaka mun fi kowa buƙatar buɗe ido. Akwai kuma ɗanyen sukarin da ake shigowa da shi don matatu su tace, wanda ba a yi shi don a sha kai tsaye ba. Idan irinsa ya sulale ya shigo kasuwa, launinsa ja ne, sai mai saye ya ɗauka ya dace da mai lafiya, alhali ya sayi wanda ba a gama tsabtacewa ba. Haka kuma zafin rana da haske suna kashe bitamin A, don haka sukarin da ya wuni a buɗe cikin daro, ko ƙullin leda da aka rataye a rana, ya yi asarar wani abu daga cikin amfaninsa.

Ga yadda uwargida za ta gane mai kyau. Farin sukari nagari busasshe ne, yana zuba warwar, ba ya dunƙulewa, ba ya wari. Ki narkar da cokali biyu a cikin kofin gilashi da ruwan ɗumi. In ruwan ya fito garau, madalla. In kin ga yashi ko wani gari ya kwanta a ƙasa, kada ki sake saye a wurin. Jan sukari kuwa ɗabi'arsa ce ya yi ɗan laima saboda maɗi, in iska ta buge shi ya ƙanƙare, don haka a ajiye shi a mazubi mai murfi. Mazarƙwaila tagari tana da tauri, tana da ƙamshin rake, ba ta ɗaci irin na ƙonewa, ba ta tsami. Tana jan laima, shi ya sa da damina take narkewa har ta yi furfura. Wadda ƙuda ya wuni a kanta a bakin hanya, ko aka ga toka da ƙasa a jikinta, a narkar da ita a tafasa a tace kafin a ba yara.

A wurin girki kowanne da muhallinsa. Ƙamshin da mazarƙwaila ke ba kantun riɗi da nakiya da kunu, farin sukari ba zai taɓa ba da shi ba. Mai tuwon madara da gullisuwa kuwa fari take so, don launi da ɗanɗanon madarar su fito. Kuma farin sukari yana da ranar da yake ceton rai. Yaron da gudawa ta kama, in ba a samu ƙullin gishiri da sukari na asibiti ba, ana haɗa ruwa mai tsabta lita ɗaya da sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin cokali, a riƙa ba shi kafin a kai shi asibiti. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, idan sukarinsa ya faɗi ya fara rawar jiki da zufa da jiri, cokali uku zuwa huɗu a ruwa shi ne taimakon farko, muddin yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Abin da ke yin irin wannan aiki ba za a kira shi guba ba. Yawansa ne ke zama illa.

Saura maganar aljihu da ƙasa. Najeriya tana shan sukari fiye da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, kuma sama da kashi 90 cikin 100 daga waje ake kawo ɗanyensa, galibi daga Brazil, a tace a matatun Legas da Fatakwal. Tun shekarun 1960 aka kafa masana'antar Bacita a Jihar Kwara ta yanzu, daga baya ta Numan a Adamawa, sannan aka buɗe ta Sunti a Jihar Neja a 2018. An kafa Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa a 1993, an amince da babban shirin wadata ƙasa da sukari a 2012, amma har yau ba mu kai gaci ba. Duk lokacin da dala ta tashi, farashin buhu yana tashi da ita, mai shayi da mai ƙosai su ji a jikinsu.

Mazarƙwaila kuwa daga farko har ƙarshe tamu ce. Manomin rake a Danja ko Maƙarfi ne ya shuka, ya yi ban ruwa, ya sare da hunturu. Doki ko inji ne ya matse a bakin gona, tuƙar raken ce makamashin dahuwa, kuɗin kuma a ƙauyen suke zama. Indiya ce kan gaba a duniya wajen yin irin wannan sukari, Kolambiya na bin ta, kuma a can sana'ar tana ciyar da ɗimbin iyalai, ana naɗe kayan da kyau ana fitar da su ƙasashen waje. A nan gida, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, wadda binciken rake ke hannunta, ta ƙera ƙaramin injin sarrafa jan sukari da ƙungiyar manoma za ta iya riƙewa. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a kan hanyar Dutsin-Ma, a ƙofar gidanmu. Malamansu da ɗalibansu za su iya gwada mazarƙwailar da ke kasuwanninmu, su koya wa masu yin ta tacewa da dahuwa cikin tsabta da naɗewa, su kuma nuna musu yadda za ta tsallake damina ba ta lalace ba. Ya kamata gwamnatin jiha ta shigo da rance da kayan aiki. Wannan sana'a ta cancanci a ɗaga ta saboda ɗanɗanonta da guminmu da ke cikinta. Ba ta buƙatar a jingina mata ƙaryar magani kafin ta samu kasuwa.

Daga ƙarshe, ga saƙonmu. Malam mai shayi, ka riƙa tambayar mai saye cokali nawa yake so kafin ka zuba. Masu zoɓo da kunun zaƙi, ku rage hannu, kuma ku ji tsoron Allah game da garin zaƙin nan na suwita da ake zubawa ba awo. Iyaye mata, kada ku saba wa yaron da bai kai shekara biyu ba da sukari a kununsa, kada kuma a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da cikinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Magidanta, mai zuba cokali huɗu ya koma uku a wannan mako, bayan sati biyu ya koma biyu. Harshe yana sabawa, sannu ba ta hana zuwa. In ƙishirwa ta zo, ruwa ne maganinta. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ko yake yawan fitsari da ƙishirwa da rama ba dalili, ya je asibiti mafi kusa a gwada jininsa da safe kafin ya karya kumallo. In awon ya kai 126, likita zai sake gwadawa ya faɗa masa abin yi. Ba sai an jira 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, ba.

Addininmu ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya kuma hana mu wuce iyaka a ci da sha. Mai son fari ya sayi mai rajista da alamar ido. Mai son ja ya sayi mai tsabta. Mai son mazarƙwaila ya saya ya taimaki manominmu. Amma kowa ya ƙirga cokalinsa, kada ya wuce 12 a yini, in da hali ya tsaya a 6. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare masu ita.